Man Giyar Mota: Yadda Muke Ɗora Wa Magani Laifin Cuta

A tashoshin mota da garejin makanikai na ƙasar Karaye da Rogo akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, har ta zama tamkar doka a bakin direbobi: wai ba a taɓa man giyar mota otomatik, domin ranar da aka canza shi, ranar giyar za ta fara ciwo. Wanda duk ya faɗa maka haka ba zai rasa hujja ba. Zai lissafo maka wane da wane waɗanda motocinsu ke tafiya, suka je aka juye musu man giya, kafin mako biyu mota ta zauna. Maganar kuma ba ta tsaya ga direbobin haya ba. Ana jin ta a bakin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa, mutanen da ba sa wasa da juyen baƙin mai idan lokacinsa ya yi, amma sai su shekara biyar ba su leƙa man giya ba. A wannan mako ina so mu tankaɗe wannan magana mu rairaye ta, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma wannan 'yar ƙwaya ce ta sa dusar da ke tare da ita ta samu karɓuwa.

Yana da kyau mu fara da tarihin yadda muka iso nan. Iyayenmu da yayyenmu sun koyi tuƙi da gyara ne a kan motoci masu giyar hannu, musamman Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna ya cika ƙasar nan da su tun daga 1975. Giyar hannu jaka ce wajen haƙuri. Haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna a cikin akwati, aikin mai kuwa shi ne ya shafe su don kada su cinye junansu, saboda haka ko man ya tsufa takan lallaɓa ta kai mutum gida. Daga baya zamani ya juya, 'yan Kwatano suka shigo, aka koma Golf da Sharan, sannan motocin da aka gama morarsu a Amurka suka biyo baya: Camry da Corolla da Accord da Sienna, mafi yawansu otomatik. Sienna ma, wadda yanzu ta zama motar haya a hanyoyinmu, ba a taɓa ƙera ta da giyar hannu ba. Motar da ke hannunmu ta canza, amma ilimin kula da ita yana nan inda 504 ta bar shi. Har yau muna kallon man giyar otomatik da idon da muke kallon man giyar hannu, alhali aikinsu ya sha bamban.

A mota otomatik, man giya shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Tsakanin injin da akwatin giya akwai wani ƙoƙon ƙarfe rufaffe mai siffar kabewa, wanda makanikai ke kira konbata. A cikinsa akwai wasu fuka-fukai biyu da ke fuskantar juna. Ka ƙaddara ka ajiye fankoki biyu fuska da fuska, ka kunna ɗaya: iskar da take hurawa za ta juya ɗayar ko da ba a kunna ta ba. To haka abin yake a cikin konbata, sai dai a maimakon iska, mai ne ke yin turin. Bayan wannan, man ne kuma yake canza giyar da kansa. Duk wanda ya san noman rani a gefen madatsar Challawa ya san yadda ake kora ruwa ta magudanai, a buɗe wannan baki a toshe wancan, ruwa ya nufi fangalin da ake so. A ƙasan akwatin giya akwai wani faranti mai ɗauke da 'yan siraran hanyoyi da ƙananan ƙofofi. Famfo yana tura mai da ƙarfi ta cikinsu, man ya je ya matse wasu faya-fayai masu rufin da ke kama da takarda, waɗanda makanikai ke kira faiba, kuma matsewar wannan rukuni da sakin wancan shi ne canjin giya. Sannan wannan mai ɗin dai shi ne yake shafe haƙoran ƙarfe, yake kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce, yake kuma wanke datti ya kai shi matata. Duk wannan aiki a wuyan mai ɗaya yake, kuma tun motar Oldsmobile ta 1940, wadda kamfanin General Motors ya fara fitar da irin wannan giya a kanta ga jama'a, asalin tsarin bai sauya ba.

Babban abokin gabar wannan mai shi ne zafi. An tsara shi ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Masana sinadaran mai suna da wata ƙa'ida da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Idan man ya dahu, sai sinadaran da aka zuba masa su ƙare, ya fara barin wani danƙo mai kama da ƙanzon tukunya a cikin waɗancan siraran hanyoyi. Robobin da ke tare mai su bushe su yi tauri, ƙarfin turin ya ragu, faiba ta daina matsuwa yadda ya kamata. Da zarar faiba ta fara sulɓewa, sai gogayyar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara dafa man, garin faibar da ta goge kuma ya cakuɗe da man ya toshe matata. Kowace matsala tana ciyar da 'yar'uwarta. Wannan aiki yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma a mafi yawan wannan lokaci direba ba ya jin komai. Inji idan ya ji ƙishin mai yakan yi ƙara ko hayaƙi, ya kunna fitila a gaban direba. Giya kuwa mai zurfin ciki ce, ba ta cika kokawa ba sai ciwo ya ci ƙarfinta.

Yanzu sai mu dubi irin aikin da mota take yi a wannan yanki namu. Kusan kowane littafin kula da mota yana raba aiki gida biyu, aikin yau da kullum da aikin wahala, kuma abubuwan da ake lissafawa a ƙarƙashin aikin wahala su ne tsananin zafi, da ƙura, da hanya marar kyau, da kaya mai nauyi, da yawan tsayawa da tashi, da amfani da mota a matsayin ta haya. Wanne ne a cikinsu babu shi tsakanin Karaye da Rogo? A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Da hunturu ƙura ce, da damina laka. Motar da ta taso daga Zarewa ko Fulatan ko Gwangwan ranar kasuwa, an ɗora mata buhunan masara a baya, da damman rake a sama, da fasinja fiye da kujerun da aka yi mata, tana tafiya a hankali tana kaucewa ramuka, a wannan hali ne konbata ke yin zafi mafi tsanani, domin injin na turi sosai, ƙafafun ba sa gudu, iska kuma ba ta ratsa lagireto. Haka motar da ta kafe a yashi ko taɓo a hanyar Kurugu ko Turawa, direba yana jefa ta gaba yana jefa ta baya don ta fita, cikin 'yan mintuna man zai iya kaiwa zafin da ba zai kai ba a tafiyar yini guda kan lafiyayyiyar hanya. Abin da masu ƙera mota suka kira wahala, shi ne ranar aiki ta yau da gobe a wurinmu.

Kamfanoni sun bambanta wajen tsawon tafiyar da suka ƙayyade kafin a canza man giya, amma ga motar da ke aikin wahala, adadin da aka fi ambatawa yana faɗawa tsakanin kilomita 40,000 zuwa 100,000. Mu ƙaddara direban haya yana yin kilomita 200 a rana tsakanin garinsu da Kano, zuwa da dawowa da 'yan kewaye-kewaye, kwana shida a mako. A mako ya yi 1,200, a shekara ya haura 60,000. Ke nan shekara ɗaya tak ta ishe shi ya cinye wa'adin da wani ma'aikaci a Turai zai yi shekara huɗu ko biyar bai kai ba. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa: motocin Amurka da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wanda ya ga agogon motarsa ya nuna 150,000 ya sani cewa ta yi tafiyar kilomita 240,000, idan ma ba a mayar da agogon baya ba kafin a sayar masa, abin da ba baƙo ba ne a kasuwar tsofaffin motoci. Mota takan iso da sabon fenti da kujeru masu ƙyalli, mai saye ya yi ta murna, alhali, tare da neman afuwar mutanen Rogo, kallon kitse yake yi wa rogo. Ba shi da masaniyar ko man da ke cikin giyarta shi ne wanda aka zuba tun a masana'anta.

Wasu masu ilimi sukan kafa hujja da cewa an rubuta a littafin motarsu man giyar na har abada ne, ba ya buƙatar canji. Gaskiya ne wasu kamfanoni sun rubuta haka. Sai dai abin tambaya shi ne, har abadan wa? Kamfani yana lissafin rayuwar mota ne a hannun mai ita na farko ko na biyu, a ƙasar da hanyoyi ke da kyau. Mu kuwa motar tana iso mana ne bayan wancan wa'adi ya ƙare, sannan mu nemi ta yi mana wasu shekaru goma. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW da wasu manyan kamfanoni akwatin giya, ya shawarci a canza man tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8, ga motar da ke shan wahala, duk da cewa wasu daga cikin masu sayen giyar tasa suna gaya wa abokan cinikinsu man na har abada ne. Idan maƙerin abu da dillalinsa suka saɓa, maganar maƙeri ta fi cancantar a saurara.

To mene ne gaskiyar labarin waɗanda suka canza mai giyarsu ta mutu? Ba ƙarya suke yi ba, abin ya faru, amma fassarar da aka yi masa ce ta karkace. Yaushe mutuminmu yake tunawa da man giya? Sai ranar da mota ta fara fizga, ko ta fara jinkirin shiga giya, wato sai bayan faiba ta riga ta cinye. A wannan mataki, tsohon man ya yi kauri da garin faiba da na ƙarfe, kuma wannan kaurin da tsakuwar da ke cikinsa su ne ɗan abin da ya rage da ke sa faya-fayan su kama juna. Idan aka zubar da shi aka zuba sabo mai tsabta, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Kamar mutumin da ya yi wata uku yana fama da ciwo a gida ne, sai da ya galabaita aka kai shi asibiti, ya cika bayan kwana biyu, dangi suka dawo suna cewa allurar likita ce ta kashe shi. Daga nan sai maƙwabta su ƙara gudun asibiti, su ma kada su je sai sun galabaita, su ma su mutu a can, magana ta ƙara tabbata. Haka wannan camfi na man giya yake ciyar da kansa. Waɗanda suke canza man a kan kari motocinsu na tafiya lafiya, don haka babu wanda ke ba da labarinsu a tasha.

Dalili na biyu shi ne zuba man da ba na motar ba. A idon mai sayarwa da yaron gareji, duk jan mai man giya ne. Amma kowane kamfani ya haɗa faibarsa ne da irin santsin man da ya dace da ita. General Motors na da Dexron tun 1967, Ford na da Mercon, Toyota na da T-IV ga tsofaffin motocinta da WS ga na baya-baya, Honda na da Z1 a da, daga baya ta koma DW-1. Motocin da ke da giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe a maimakon jerin haƙora, nasu man daban ne ɗungurungum, kuma zuba musu man otomatik na gama-gari hanya ce ta kashe su cikin gaggawa. Ga kuma annobar jabun mai. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama gurɓatattun mayukan mota a kasuwannin ƙasar nan, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a zuba wa man banza jan launi a ɗura shi a tsohuwar robar kamfani. Dalili na uku shi ne aikin hannu: a cika man ya wuce ƙima har ya yi kumfa, ko a bar shi bai kai ba, ko a yi amfani da injin da ke tura mai da ƙarfi a tsohuwar giya, ya tayar da dattin da ya kwanta ya cusa shi cikin siraran hanyoyi. A duk waɗannan, abin zargi shi ne jinkiri ko jahilci ko algus, amma sabon mai ne ke shan suka.

Duba man giya ba ya buƙatar digiri. A yawancin motocin da ke hannunmu akwai sandar awo ta giya, daban da ta inji. A motocin Toyota ana dubawa ne bayan mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri mai daidai, giya na kan P, inji na aiki. A Honda kuwa ana kashe injin ne a duba nan take. Sai a ɗiga man a kan farar takarda. Idan ja ne garau, lafiya lau. Idan ya koma ruwan ƙasa amma ba ya ƙauri, lokacin canji ya yi, kuma wannan shi ne lokacin da canjin ke da amfani. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, ɓarna ta riga ta shiga. Idan kuma ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shige shi, kada a ƙara tuƙa motar. Wasu sababbin motoci ba su da sandar awo, nasu sai a gareji, kuma ba kowane man CVT ne ja ba, don haka a san irin motar kafin a yanke hukunci da launi. Alamomin da direba zai ji a jikinsa su ne: ya sa D ko R da safe mota ta yi jim kafin ta amsa, ko ta zabura idan za ta canza giya, ko ya taka totur inji ya yi kuka gudu bai ƙaru ba, ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi wucewa, ko ya tarar da ɗigon jan mai a inda ta kwana.

Wanda man motarsa bai ƙone ba, abin da ya fi masa shi ne juye na sauƙi: a kwance a bar man ya tsiyaye da kansa, a sauke kaskon ƙasa idan irin motar na da shi, a wanke maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, a canza matata, a auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. Ya kamata a sani cewa wannan juye yana fitar da kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabin man kawai, sauran yana maƙale a cikin konbata. Saboda haka idan man ya tsufa sosai, ana maimaitawa sau biyu ko uku, da 'yar tafiya a tsakani, sabon mai ya riƙa maye gurbin tsoho sannu a hankali. Wanda kuwa man motarsa ya riga ya yi baƙi kuma giyar na sulɓewa, makaniken kirki zai gaya masa gaskiya tun kafin ya kwance ƙusa ɗaya: sabon mai ba zai dawo da faibar da ta cinye ba, ya fara tanadin gyara. Wannan gaskiyar da ba a faɗa wa mai mota a kan kari ita ce take komawa zargi daga baya. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota kuma, ya ɗauka cewa ba a taɓa canza man ba, ya duba shi a makon farko.

Akwai wasu ɗabi'u da ke taya tsohon mai kisa. Man giya yana hucewa ne ta wani bututu da ya ratsa cikin lagireto. Idan aka saba zuba wa lagireto ruwan rijiya zalla, tsatsa na iya huda wannan bututu, ruwa da mai su gauraya, ruwa kuma yana ɓanɓare rufin faiba daga jikin ƙarfe. Ratsa rafi mai zurfi da damina ma na iya shigar da ruwa ta 'yar kafar da giya ke shaƙar iska. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu direbobi sun ƙara ƙaimi wajen kashe inji a gangara don tsimin mai. A mota otomatik, inji ne ke juya famfon man giya, idan aka kashe shi ƙarafa na juyawa a bushe, ga kuma birki da sitiyari da ke yin tauri. Wannan dalili ne kuma ya sa jan mota otomatik da igiya, ƙafafun da ke turi suna ƙasa, tun daga Rogo har Kano, yake iya mayar da ƙaramin gyara ya zama mutuwar giya baki ɗaya. Masu Golf da Sharan na giyar hannu su ma kada su ɗauka an tsame su. Nasu man yana tsiyayewa ta robobin da suka tsufa ba tare da an lura ba, kuma kukan da giya ke yi a gudu, ko taurin shiga ta biyu da ta uku, sau da yawa daga nan yake farawa.

Na san abin da direba zai ce, kuma yana da hujja: mai na gaske ya yi tsada. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, duk wani abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Sai dai Dalar da ta ɗaga kuɗin lita huɗu na man giya ita ce ta ɗaga kuɗin akwatin giya, wanda ya ninka kuɗin man sau da yawa. Wanda giyarsa ta mutu a Karaye ko Rogo zai biya kuɗin ɗauko motar, ya tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano ya sayi wata tsohuwar giya wadda shi ma bai san tarihin manta ba, ya biya kuɗin aiki, ya yi kwanaki ko makonni ba ya lodi, iyali na jiran cefane, mai mota na jiran balas. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Asarar kuma ba ta tsaya a aljihun direba ba. Manomin da ya ɗoro tumatir zai kalli kayansa suna narkewa a bakin hanya. A ƙauyen da motar haya ɗaya ce ke zaman motar ɗaukar marasa lafiya, mace mai naƙuda ce za ta biya bashin sakacin da aka yi shekara uku ana tarawa. Giyar da ta sulɓe daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela, ga wata mota na tahowa, maganarta ta wuce ta kuɗi.

Gyaran wannan al'amari bai fi ƙarfinmu ba. Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW a waɗannan tashoshi sun san kowace mota da direbanta, suna rubuta lodi kullum. Babu abin da zai hana a ƙara shafi ɗaya a littafin, na ranar da aka canza man giya da adadin da agogo ya nuna, ko a haɗa kuɗi a sayo mai na gaske da katan daga dillalin da aka amince da shi. Ƙungiyar makanikai ta NATA za ta iya shirya wa 'ya'yanta na karkara bita a kan bambancin mayuka, ko da jadawali ne a manna a bangon gareji mai nuna kowace mota da irin manta. Ƙananan hukumomin biyu kuma su fara da nasu motocin, musamman na asibiti, domin motar hukuma ita ce marainiyar da kowa ke hawa babu mai duba ta. Ɗalibanmu da ke karanta wannan shafi, waɗanda ke da waya da intanet, za su iya nemo wa iyayensu da yayyensu littafin motarsu su fassara musu shafin da ya dace. Aikin minti goma ne.

Mai karatu, idan kana da mota otomatik kuma ba za ka iya tuna ranar da aka canza man giyarta ba, wannan rashin tunawar ma amsa ce. Ka nemi farar takarda gobe bayan motar ta yi zafi, ka ga abin da sandar awo za ta nuna maka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.